Kuɗin sojan Amurka ne za su biya min karatun, in tafi ko in haƙura?

Mubarak: Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kwana uku kenan ban yi barcin kirki ba. Kun san na daɗe ina neman gurbin digiri na uku a waje, to Alhamdulillahi wani farfesa a Amurka ya amsa, ya ce zai ɗauke ni a lab ɗinsa, kuɗin makaranta a kansu ga alawus duk wata. Aikin a kan amfilifaya ne da ake yi da sinadarin galiyam naitirayid, irin waɗanda ke ƙara wa sigina ƙarfi kafin ta fita ta eriya. Sai ran Talata da muka yi magana ta bidiyo yake gaya min kuɗin binciken daga ofishin bincike na sojan ruwan Amurka suke fitowa, wani kason kuma daga DARPA, hukumar binciken fasaha ta ma'aikatar tsaronsu. Bai ɓoye min ba, shi a wajensa ma ba wani abu ba ne. Ni kuwa tun lokacin zuciyata ta ƙi kwanciya, ban ma gaya wa Baba ba tukuna.

Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Mubarak wlh ka tafi. Mutum nawa ne ke neman irin wannan damar shekara da shekaru bai samu ba? Kai karatu za ka yi, ba bindiga za ka riƙe ba. Cajar wayar nan 'yar ƙarama mai saurin caji da muke sayarwa a Farm Centre ai da wannan galiyam ɗin naka ake yin ta, jiya ma na sayar da guda huɗu.

Anti Rabi: Sadiƙ ka bi a hankali. Yaron nan ba tambayar caja yake ba. Soja ba sa ba da kuɗi don caja, akwai abin da suke so, kuma shi ne abin da ke hana shi barci.

Injiniya Lawal: Mubarak ƙanena barka da wannan nasara tukuna, ba ƙaramin abu ba ne. Bari in ɗan yi tsawo don na zauna a can shekara shida kuma na ga yadda abin yake. A Amurka in ka shiga tsangayar injiniyan lantarki ta kowace babbar jami'a, da wuya ka wuce ƙofa uku ba ka tarar da lab ɗin da ke cin kuɗin ma'aikatar tsaro ba. Kuma ba jiya aka fara ba. A 1940 Ingila na cikin yaƙi da Jamus, wasu masana biyu a jami'ar Birmingham, Randall da Boot, suka ƙera wata 'yar na'ura ana ce mata cavity magnetron, ita ce ta sa rada mai kaifin gani, wato na'urar hango jirage daga nesa, ta iya zama ƙarama har a ɗora a jirgin sama. Ingila ba ta da halin ƙera ta da yawa ga bama-bamai na sauka, sai suka kai wa Amurkawa. A ƙarshen wannan shekarar aka buɗe lab ɗin rada mai suna Radiation Laboratory a jami'ar MIT, kafin yaƙi ya ƙare ma'aikatansa sun kai wajen dubu huɗu, a cikin jami'a fa. A Harvard kuma aka buɗe wani lab ɗin na rikita radar abokan gaba, wanda ya shugabance shi Frederick Terman ne daga Stanford. Da yaƙi ya ƙare Terman ya koma Stanford ya zama shugaban tsangayar injiniya, ya riga ya san manyan soja, ya san inda kuɗi suke, sai ya riƙa jawo kwangilolinsu zuwa makarantar yana kuma tura ɗalibai su buɗe kamfanoni a gefen makaranta. Hewlett da Packard, masu kamfanin HP, ɗalibansa ne tun kafin yaƙin. Wurin nan da ake ce wa Silicon Valley yanzu, babban kaso na tushensa kuɗin soja ne.

Sadiƙ: To kun ji. Ashe ma kowa a ciki yake.

Anti Rabi: Kowa na yi ba ya mai da abu halal Sadiƙ. Injiniya ina jin ka, amma tarihi ka ba mu ba ka ba mu amsa ba.

Injiniya Lawal: Anti ina zuwa, ai ban gama ba. Abin da nake so Mubarak ya gane shi ne su kansu Amurkawan sun yi wannan rigimar da kansu, kuma da zafi. Lokacin yaƙin Biyetnam, ranar 4 ga Maris 1969, malamai da ɗaliban MIT suka ajiye bincike na yini guda don nuna ba su yarda da yadda ake juya kimiyya zuwa makami ba, daga wannan yunƙurin ƙungiyar Union of Concerned Scientists ta fito, har yau tana nan. Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne Instrumentation Laboratory na Charles Stark Draper. Lab ɗin nan shi ya yi kwamfutar da ta kai kumbon Apollo duniyar wata a wannan shekarar dai, kuma shi ɗin ne ya yi na'urar saita hanya ta makamai masu linzami na Polaris da Poseidon da ake harbawa daga jirgin ruwan ƙarƙashin teku ɗauke da nukiliya. Gida ɗaya, ilimi ɗaya. A Stanford kuma a watan Afrilu ɗalibai suka mamaye Applied Electronics Laboratory kwana tara, wurin da ake aikin sirri na yaƙin rada. Sakamako? Stanford ta daina binciken sirri a cikin makaranta, ta rabu da cibiyar bincikenta ta SRI a 1970, MIT ita ma ta saki lab ɗin Draper ya zama mai zaman kansa a 1973. Amma aikin bai tsaya ba, adireshi kawai ya canza. Kuma Lincoln Laboratory da aka kafa a 1951 don tsaron sararin samaniya har gobe yana ƙarƙashin MIT.

Usman: Ni wannan na ƙarshen shi ne ke damuna da masu cewa a guje wa kuɗin soja. An kori lab daga jami'a, makamin an fasa ƙerawa? Ba a fasa ba. Abin da aka yi kawai an raba shi da idon malamai da ɗalibai masu iya yin magana. Ni ina koyarwa a nan gida, ina da ɗalibai masu kaifin kai wlh amma osiloskof ɗaya, na'urar duba sigina, muke layi a kai, wata rana ba wuta, in ka ce musu ga yadda ake auna sigina mai gigahaz goma sai dai ka zana a allo. Mubarak in ya je zai taɓa injinan da ba zai taɓa gani a nan ba, ya dawo da ilimin a kansa, ba wanda zai ƙwace masa a filin jirgi.

Anti Rabi: Malam Usman ni ba injiniya ba ce, firamare nake koyarwa, amma ina da ido. Ranar 3 ga Disamba 2023 a Tudun Biri nan Igabi mutane na Mauludi jirgi mara matuƙi ya sakar musu bom, hukuma da bakinta ta ce aƙalla mutum 85, yawanci mata da yara, kuma soja suka amsa nasu ne, kuskure ne. Jirgin nan ba aljani ya ƙera shi ba. Wani ne ya zauna a lab ya yi kyamarar, wani ya yi abin da ke kai sigina, kowa na cewa ni ɗan guntu kawai na yi. In ka tara guntayen shi ne abin da ya sauka a kan mutanen nan. Ban ce Mubarak zai kashe kowa ba, Allah Ya kiyaye, amma kar a ce masa wai karatu ne kawai.

Usman: Allah Ya jiƙansu, ba wanda ya manta. Amma Anti wannan misalin yana iya juyawa, da kyamarar ta fi kyau, da mai kallon ya fi horo, wataƙila da an bambance taron Mauludi da taron 'yan bindiga. Kuma mu da 'yan bindiga suka hana noma daga Zamfara zuwa Birnin Gwari, za mu ce ba ma son injiniyanmu ya san rada? A 2018 aka ƙaddamar da Tsaigumi a Kaduna, jirgin leƙen asiri mara matuƙi da injiniyoyin sojan saman Najeriya suka yi da taimakon wani kamfanin Fotugal, mutane suka yi ta murna. DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, tun 1964 take nan Kaduna. In namu suka yi muna tafi, in ɗanmu zai je ya koyo a inda aka fi iyawa sai mu ce haram?

Anti Rabi: Bambancin shi ne wa zai riƙe abin. Na Mubarak ba Zamfara za a kai ba, sojan ruwan Amurka ne, kuma duk muna ganin inda makamansu ke sauka.

Malam Kabiru: Bismillah. Ba fatawa zan bayar ba, Mubarak ka nemi malamin da ka yarda da shi ka zauna da shi gaba da gaba. Amma abin da na karanta shi ne Allah Ya ce ku taimaki juna a kan alheri da taƙawa, kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka, a farkon Ma'ida. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan sayar da makami lokacin fitina da sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi da shi, sun hana in ka sani ko zatonka ya rinjaya. Amma ba su hana noman inabi ba, ba su hana ƙira ba. Maƙeri na yin lauje yana yin wuƙa. Saboda haka tambayar ita ce wanne ne naka, noman inabin ne ko miƙa shi ga mai giya? Wannan sai ka san ainihin me za ka yi da hannunka, ba sunan wanda ya sa hannu a cek ba kawai.

Dakta Hassana: Sannunku, yanzu na tashi daga aiki na tarar da saƙo sama da talatin. Malam Kabiru ya taɓa inda nake so in taɓa. Mubarak, kuɗin ma'aikatar tsaron Amurka ba iri ɗaya ba ne. Akwai na bincike na tushe, wanda za ka yi ka buga a mujalla kowa ya karanta, ɗan Sin da ɗan Indiya da ɗan Najeriya duk ku zauna a lab ɗaya, tun 1985 gwamnatinsu ke da umarnin cewa irin wannan a bar shi a buɗe. Akwai kuma wanda ke ƙarƙashin dokar hana fitar da fasahar soja da suke kira ITAR, wannan kai baƙo ko nuna maka takardar aka yi to a doka kamar an fitar da ita ƙasar waje ne. Ba wasa suke da ita ba, wani farfesa a jami'ar Tennessee, Reece Roth, a 2009 aka yanke masa shekara huɗu a gidan yari saboda ya bar ɗalibansa ɗan Sin da ɗan Iran sun yi aiki a kan wani bincike na jirgi mara matuƙi na sojan sama. To tunda farfesan ya ɗauke ka da fasfo ɗin Najeriya, kusan tabbas naka na buɗe ne. Amma kar ka tsaya a kan kusan. Ka tambaye shi a rubuce: zan iya buga duk abin da na samu ba sai wani ya duba ya amince ba? Akwai ɓangaren aikin da za a hana ni gani? In kuɗin nan suka tsaya a shekara ta uku wa zai biya ni? Wannan ta ƙarshen ma ta fi cin ɗalibai fiye da maganar makami, na ga wanda ya rasa tallafi a tsakiyar hanya saboda an rufe shirin.

Mubarak: Nagode Dakta, wlh ban ma yi tunanin ta ukun ba. Ke a Jamus yaya abin yake?

Dakta Hassana: Nan tarihinsu ya sa suna ɗar-ɗar. Jami'o'i da yawa suna da ƙa'ida a rubuce cewa binciken zaman lafiya kawai za su yi, ta Bremen tun 1986. Japan ma haka, majalisar masana kimiyyarsu ta yi alkawari a 1950 ta sake a 1967 cewa ba za su yi bincike don yaƙi ba, a 2017 suka sake jaddadawa bayan ma'aikatar tsaronsu ta fara raba wa jami'o'i kuɗi. Amma tun da aka fara yaƙin Yukiren iska ta juya, jihar Bavariya a 2024 ta yi doka ta hana jami'o'inta sa irin wannan ƙa'idar. A wajen shan shayi a sashenmu har yanzu musu ake, tsofaffin malamai na cewa iyayenmu sun ga abin da ya faru, matasa na cewa to in Rasha ta zo fa. Saboda haka kar ka ɗauka in ka zo Turai ka tsira daga tambayar.

Sadiƙ: Ni fa har yanzu ban ga matsalar ba. Wannan intanet ɗin da muke musu a kai ba soja ne suka yi ba? GPS ɗin da nake bi in kai kaya Abuja fa?

Injiniya Lawal: Haka ne Sadiƙ, ARPA, wato DARPA ta yanzu, aka kafa a 1958 bayan Rasha ta harba tauraron ɗan adam na Sputnik, ita ta biya ARPANET, kakan intanet, saƙon farko ya tashi daga jami'ar UCLA zuwa SRI ranar 29 ga Oktoba 1969, ka lura SRI ɗin nan dai da ɗalibai ke zanga-zanga a kanta a shekarar. Kakan GPS kuma, Transit, a lab ɗin jami'ar Johns Hopkins aka yi shi don jiragen Polaris su san inda suke kafin su harba. Ko IC ɗin da kuke cirewa a waya, 'yar ƙwayar lantarkin nan, a farkon shekarun 1960 manyan masu sayensa Apollo ne da makamin Minuteman, su suka saya da tsada har farashi ya sauko. Duk gaskiya ne. Amma ni ba na son a yi amfani da wannan a rufe baki, domin amfanin da ya biyo baya ba shi ne dalilin da ya sa aka biya ba. Kuma akwai wata illar da ba a cika faɗa ba, wacce shugaban Amurka Eisenhower ya yi gargaɗi a kanta a jawabinsa na bankwana a Janairun 1961, shi da yake janar ne, ya ce kwangilar gwamnati na neman maye gurbin son sani na malamin jami'a. Na gani da idona. Ba wanda zai zo da kaki ya ce maka yi kaza. Kawai dai tambayar da ke da kuɗi ita ake yi, wacce ba ta da kuɗi sai ta mutu a aljihu. Za ka tarar da mutum goma na aikin yadda rada za ta hango abu daga nisan kilomita ɗaruruwa, ba ko ɗaya a kan inbata mai arha da za ta jure zafin Sakkwato. Shekara biyar kana cikin wannan, kanka ma sai ya koma tunani irin nasu, ranar da ka gama kuma kamfanonin da suka san darajar abin da ka iya rabinsu na makamai ne. Wannan shi na fi ji wa Mubarak tsoro fiye da amfilifayar.

Anti Rabi: Yauwa Injiniya, yanzu ka zo inda nake.

Usman: Na yarda da wannan, amma maganinsa mutum ya tafi da niyyarsa a hannu. Amfilifayar da ke cikin rada ita ce a kan turakun sadarwa na waya. In ya dawo ba zai rasa inda zai sa ta ba.

Anti Rabi: In ya dawo. Nawa suka dawo cikin waɗanda muka raka filin jirgi?

Mubarak: Salam, ku yi haƙuri na yi shiru tun jiya. Na tura wa farfesan tambayoyin Dakta guda uku na ƙara ta huɗu, na ce masa su sojan ruwan me suke so su yi da shi. Ya amsa da asuba. Ya ce komai a buɗe yake, ba mai duba takarda kafin a buga, ba ɓangaren da za a ɓoye min, kuɗin na shekara uku ne tabbas sauran biyun in ba a sabunta ba zan koyar da 'yan aji ɗaya a biya ni. A ta huɗun ya ce ba zai yi min ƙarya ba, sha'awarsu radar jiragen ruwa ce da na'urorin rikita sigina, amma abin da zan yi ni shi ne gano dalilin da ya sa tiransistocin da ke cikin amfilifayar ke lalacewa in sun yi zafi, kuma duk mai ƙera su a duniya zai karanta. Ya ce yana da wani ƙaramin tallafi daga hukumar kimiyya ta farar hula, in na fi so zai iya sa ni a kansa shekarar farko, amma benci ɗaya ne injina ɗaya ne, kar in yaudari kaina.

Malam Kabiru: Mutumin ya yi maka adalci da ya faɗi haka. Ka yi istihara, ka kai wa mahaifinka maganar yadda take ba ragi, har da ta radar.

Anti Rabi: Ni dai ra'ayina bai canza ba Mubarak, da ɗana ne zan ce ya nemi wani wurin ko da zai ƙara shekara yana jira. Amma in ka tafi ba zan daina yi maka addu'a ba.

Dakta Hassana: Ka roƙe shi ya sa maganar shekara ukun da ta koyarwar a cikin takardar ɗauka, imel kaɗai ba ya isa. Yaushe ne wa'adin amsawa?

Mubarak: 15 ga Afrilu. Jumma'a zan shiga Zariya wajen Baba in sha Allahu. Injiniya don Allah zan kira ka yau bayan isha'i in kana da lokaci, akwai abin da nake so in tambaye ka a kan waɗanda kuka gama tare, ina suka ƙare.

Injiniya Lawal: Ina nan, ka kira.